Gem ɗinmu na dara ya nutse a Play Store: laifin shagon ne, ko mu koma Steam?

Tambaya: Assalamu alaikum, Yaya. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ina zaune Mabera. Ni da abokaina biyu mun haɗa gem na dara muka sa shi a Play Store. Watannin farko an yi ta saukewa, yanzu kuwa sai a kwana biyu ba wanda ya taɓa shi, ko sunansa ka rubuta sai ka gangara ƙasa kafin ka gan shi. An ce mana Google ne ya canza tsari. Wani kuma ya ce mu kai shi shagon gem na Steam ko na Epic, tunda Epic kashi 12 kawai yake cira. Mi ya kamata mu yi? Ko mu haɗa kuɗi mu biya talla?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa ƙoƙarinku albarka, domin kai gem har cikin shago ba ƙaramin aiki ba ne. Kada ku kwashe kaya ku koma ko'ina tukuna, kuɗin tallar nan ma ku riƙe abinku. Gaskiya ne shagunan nan suna canza tsari, kuma canji ɗaya kan binne gem mai kyau. Sai dai kafin a ɗora wa Google laifi, a fara tambayar su wa suka sauke gem ɗin a watannin farko. In ka bincika za ka tarar 'yan ajinku ne, da 'yan unguwa, da dangi, da waɗanda kuke guruf ɗaya a WhatsApp. Waɗannan suna da iyaka, ranar da suka ƙare saukewa ta tsaya. Ba sai ka yarda da bakina ba. Buɗe Play Console, wato shafin da Google ke ba masu manhaja su duba harkar kayansu, ka shiga inda ake nuna ta hanyar da masu saukewa suka shigo. An rarraba su: akwai waɗanda suka rubuta wani abu suka nema, akwai waɗanda shagon ya nuna wa gem ɗin da kansa suna cikin yawo, akwai waɗanda suka biyo mahaɗi daga waje. In kason na tsakiyar nan dama can bai taka kara ya karya ba, to shagon bai juya muku baya ba, tun farko ne bai waiwaye ku ba.

Abin yana da tarihi, kuma a Steam, shagon gem na masu kwamfuta, ya fi fitowa fili, shi ya sa zan ɗan daɗe a kansa ko da yake ba can kuke ba. Kamfanin Valve ya buɗe Steam a 2003, kuma shekaru da dama ma'aikatansa ne ke zaɓen gem ɗin da zai shiga. Shigar na da wuya, amma wanda ya shiga kakarsa ta yanke saƙa, don kayan kaɗan ne, kowa sai ya kwana a shafin farko an gan shi. A 2012 aka kawo Greenlight, inda masu buga gem ke jefa ƙuri'a kan abin da za a karɓa. A watan Yunin 2017 aka soke shi aka kawo Steam Direct: ka biya dala 100 kan kowane gem, ka cike takardu, ka shiga, in cinikinka ya kai dala 1,000 a mayar maka da kuɗinka. Ƙofa na buɗewa sai ambaliya. A 2013 sababbin gem da suka fito a Steam 'yan ɗaruruwa ne. A 2023 sun haura 14,000, a 2024 sun haura 18,000, wato kusan 50 kowace rana ta Allah.

Ba shafin farkon da zai ɗauki wannan. Tun 2014 Valve ya fara miƙa aikin zaɓe ga lissafin na'ura, kowa ya buɗe shagon ya ga abin da aka jera masa daban da na maƙwabcinsa. Google da Apple ma haka suke. Shi kuwa lissafin nan bai san gem mai daɗi ba, motsi kawai yake gani: nawa suka shigo shafin, nawa suka saya ko suka sauke, nawa suka zauna suka buga. Ɗauka kamar ka kama rumfa a Babbar Kasuwar Sakkwato, amma sarkin kasuwa yana sake jera rumfuna kowace safiya. Wanda aka ga cincirindo a gabansa jiya a matso da shi bakin ƙofa, wanda ya wuni yana korar ƙuda a tura shi layin baya. Ciniki ke kawo wuri, wuri ya ƙaro ciniki. Mutanen farko kuwa, kai za ka je ka kawo su da ƙafarka.

Wannan ne ya juya aikin talla gaba ɗaya. Da, sai an gama gem ake fara neman masu saye. Yanzu a Steam ana buɗe shafi tun watanni kafin gem ya fito, a yi ta roƙon mutane su danna maɓallin nan da ke ajiye gem a jerin burinsu. Ranar fitowa Steam zai aika wa duk wanda ya ajiye saƙon imel, haka ma duk lokacin da aka yi rangwamen da ya kai kashi 20. Idan mutane da yawa suka saya a kwanakin farko, sai lissafin ya ɗaga gem ɗin ya nuna wa baƙi. Wanda ya fito ba jerin buri, ya fito cikin duhu.

Abin da nake so ka lura da shi kuma: ba manyan labaran da jaridu ke bugawa ne ke kashe ƙananan masu haɗa gem ba, 'yan ƙananan dokoki ne da ake canzawa ba gangami. A 2015 Steam ya ba da damar mayar da gem a karɓi kuɗi muddin ba a wuce kwana 14 ba kuma ba a buga shi awa biyu ba. Masu gajerun wasanni suka shiga uku, don mutum na iya gamawa tsaf ya dawo da kaya. A 2016 aka daina lissafa sharhin wanda ya samu gem ta lambar kyauta, saboda wasu na rabawa abokai lambobi su zo su yi yabo. Ga shi kuma sai sharhin masu saye ya kai goma kafin ma a rubuta wa gem maki a shafinsa. A Oktobar 2018 masu ƙananan kamfanoni da yawa suka wayi gari baƙinsu sun ragu ƙwarai, ba su taɓa komai ba. Sai a Disamba Valve ya fito ya yi bayanin cewa wani gyara ne ya zo da kuskure, akwatin nan da ke nuna makamantan gem a ƙasan shafi ya riƙa cika da manyan da suka riga suka yi suna. A Satumbar 2022 aka hana rubuta maki da lambobin yabo a kan hoton fuskar gem, waɗanda suka gina tallarsu a kan haka suka sake zane.

Ba duka canjin ne sharri ba, a yi adalci. Bikin Next Fest da ake yi a Steam sau uku a shekara, Fabrairu da Yuni da Oktoba, ya buɗe wa ƙanana hanya: ka sa ɗanɗanon gem ɗinka kyauta na mako guda, mutane su gwada su ajiye shi a jerin buri. Sau ɗaya tak kowane gem ke shiga, kuma kafin ya fito, don haka wanda ya shiga da ɗanyen aiki ya ɓarar da damarsa. A 2024 ma aka bar ɗanɗano ya samu shafinsa na kansa har da sharhi.

Batun kashi 12 ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba. Steam na cirar kashi 30, sai cinikin gem ya wuce dala miliyan 10 ya sauko 25, in ya wuce miliyan 50 ya sauko 20. Epic ya buɗe nasa shagon a Disambar 2018 da kashi 12. Apple da Google sun sauko zuwa kashi 15 ga ƙanana a 2021, bayan rigimar da ta tashi a Agustan 2020 lokacin da aka fitar da Fortnite, gem ɗin kamfanin Epic, daga shagunansu aka dunguma kotu. Duk wannan faɗan manya ne. Ko an cire 12 an bar maka 88, kashi 88 na babu, babu ne. Yawancin masu shiga Epic suna zuwa ne don Fortnite da kyautar gem ta mako-mako, kuma shagon bai kai Steam iya haɗa baƙo da ƙaramin gem ba. Ku da gem ɗinku kyauta ne, in ma kuna samun wani abu daga tallar da ke fitowa a ciki ne, wannan kason bai shafe ku ba ko kaɗan, a kan abin da aka saya ake cirarsa.

To mu dawo gida, Play Store, inda nake zargin matsalarku take.

Tun ƙarshen Nuwambar 2022 Google ya ɗaura ganin gem da lafiyarsa a kan waya, kuma ya faɗi adadin a fili. In fiye da kashi 1.09 cikin ɗari na masu buga gem ɗinka a rana suna ganin ya mutu ya fitar da su, ko fiye da kashi 0.47 suna ganin ya sandare ba ya amsa taɓi, ka tsallake layi, shagon zai rage nuna ka. Akwai kuma ma'auni na kowane samfurin waya daban, kashi 8: in ka wuce shi a kan wata waya, masu irin wannan wayar na iya daina ganinka, ko su ga gargaɗi a shafinka cewa manhajar nan tana ba da matsala a irin wayarsu. Dubi yadda abin ke cin mutanenmu. Ku uku, na tabbata a wayar wanda ya fi kowa waya mai kyau kuka riƙa gwaji, cikin ɗaki, caji cike. Mai buga dara na gaskiya kuwa yana riƙe da itel ko tsohuwar Tecno mai ƙwaƙwalwar giga biyu, ma'ajiyarta ta cika maƙil da bidiyon guruf, gilashin ya tsage a kusurwa, yana zaune a inuwar shago a Gawon Nama da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Wayar da ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ya taɓa ɗan dara zai matsar, allon bai motsa ba, ya sake taɓawa, daƙiƙa biyar suka wuce, Android ya rubuta cewa gem ya sandare. Shi bai kai ƙara ko'ina ba, goge shi kawai ya yi ya samu wurin ajiye hoto. Amma an rubuta muku a littafi. Shiga sashen Android vitals a Play Console yau ɗin nan, ka duba adadin nan biyu, ka duba jerin wayoyin da abin ya fi faruwa a kansu. In akwai ja a wurin, ka samu amsar rabin tambayarka, kuma ba kuɗin tallar da zai gyara shi. Ku ari irin wayar, ku rage nauyin hotuna da sauti, ku tabbatar gem yana buɗewa ba data, ku hana talla tsayar da wasa in netwok ya yi rauni.

Na biyu, sabuntawa. Kowace shekara, ƙarshen Agusta, Google na ɗaga matakin Android da ya wajaba manhaja ta dace da shi. Wanda ya saki gem ya tafi hidimar jarrabawa ya manta da shi har ya faɗo ƙasa da matakin, sababbin mutane masu sababbin wayoyi ba za su gan shi a shagon ba sam. Saƙon gargaɗin yana zuwa ta imel ɗin da kuka yi rajista da shi, wanda galibi ba mai buɗewa.

Akwai canje-canjen da suka zo muku da alheri, in kun san da su. Tun 2019 taurarin da aka ba gem kwanan nan sun fi tsofaffi nauyi, don haka gem da aka gyara yana iya wanke sunansa. Tun Nuwambar 2021 kuma mai waya yana ganin taurarin mutanen ƙasarsa ne, ba na duniya duka ba. Wato baƙon da bai san dara ba ya sauke ya ba ku tauraro ɗaya don bai gane dokar ba, bai ɓata muku suna a Najeriya da Nijar ba. A shekarar ce kuma aka taƙaita sunan manhaja zuwa harafi 30, aka hana cusa kalmomi irin su kyauta ko lamba ɗaya a cikinsa. Saboda haka kalmomin da mutane ke rubutawa in suna nema, a cikin bayanin gem za ku sa su, da Hausa da Turanci da Faransanci. Play Console na ba da damar yi wa kowace ƙasa shafi nata daban, kuma yana ba da damar gwada hoton fuska biyu a ga wanda ya fi kawo masu saukewa, duk kyauta. Ku yi wa Nijar nata shafin. Daga Illela zuwa Birnin Ƙonni taku kaɗan ne, kuma dara a can ba baƙo ba ne, har Zabarmawa na buga shi.

Dokar masu gwaji kuwa, wadda ta ce sai an tara mutane sun gwada manhaja kafin a bar ta ta fito a Play Store, kuma ta hau kan duk asusun mutum ɗaya da aka buɗe bayan 13 ga Nuwambar 2023, da farko mutum 20 na kwana 14, daga baya aka rage zuwa 12, mutane na kallonta a matsayin wahala kawai. Ni ina ganin an tilasta wa mai gem ne ya nemo mutanensa na farko. Kuskuren shi ne a tara 'yan aji su sauke don kunya. Gara a nemi dattijan da ke haƙa ramukan dara a ƙasa bayan la'asar, ko 'ya'yansu masu waya, waɗanda za su ce maka a nan ba a cin ɗa haka.

Talla fa? A Afrilun 2021 Apple ya wajabta wa manhajoji neman izini kafin su bi sawun mai waya, mutane da yawa suka ce a'a, har kamfanin Meta mai Facebook ya ƙiyasta abin zai ci masa kusan dala biliyan 10 a 2022. Tun daga nan saita talla ta faɗa kan wanda ya dace ya ƙara wuya da tsada, kamfanonin da ke rayuwa kan sayen masu saukewa da araha suka ji jiki. Ku abin da ya shafe ku lissafi ne mai sauƙi: da dala za ku biya, abin da tallar cikin gem ke kawowa daga mai waya a nan kuwa ɗan kaɗan ne. Kafin ku kashe ko naira ɗaya, ku san cikin mutum ɗari da suka sauke, nawa ke dawowa washegari, nawa ke nan bayan mako. In ba sa dawowa, kun biya kuɗi ne kun koya wa shagon cewa gem ɗinku abin gogewa ne.

Steam kuma, a yanzu, ba naku ba ne. Shagon masu kwamfuta ne, mutanenku kuwa a waya suke. Babu naira cikin kuɗaɗensa, babu Hausa cikin harsunan shagon. Za ku biya dala 100, ku jira kwana 30 kafin a bar ku ku fito, shafinku ya yi aƙalla mako biyu a buɗe. Da yake kuma babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka, za a riƙe kashi 30 na abin da kuka sayar wa mutanen Amurka, bayan kason Valve. In wata rana kuka yi niyyar gabatar da dara ga masu son wasannin tunani na duniya, da zane mai kyau da koyarwa a ciki, wannan wani aiki ne daban, a fara shi da shafi da jerin buri tun da wuri. Kafin nan shagon ƙananan masu haɗa gem na itch.io na nan, ba a biyan kuɗin shiga, ya isa a gwada ko baƙi za su kula.

Inda zan so ku zuba ƙarfinku shi ne abin da ba wani kamfani da zai canza muku shi da dare ɗaya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ku buɗe tasha a WhatsApp ko Telegram, ku sa mahaɗinta a cikin gem ɗin, duk wanda ya ji daɗi ya shigo. Ku riƙa ɗaukar gajeren bidiyo, ba na allon waya kaɗai ba: hannu biyu a kan ramuka, wani ya jera uku ya ci, 'yan kallo sun yi shewa, sannan a nuna wannan motsin a cikin gem. Ku shirya gasa tsakanin Mabera da Runjin Sambo, ko tsakanin ɗakunan kwanan ɗalibai, kyautar ko katin waya ne. Gem ɗin Among Us ya fito a 2018 ya yi kusan shekara biyu ba a san da shi ba, sai a 2020 masu buga gem kai tsaye a Twitch da YouTube suka ɗauke shi, sannan shaguna suka bi baya suna ɗora shi a gaba. Ba ina ce muku haka za ta faru da ku ba, irin wannan sa'a ba a gina gida a kanta. Amma jerin yadda abin ya gudana shi ne abin dubawa: waje ya fara, shago ya biyo.

Akwai kuma shagon da ya girmi Play Store a wurinmu, wato teburin mai cajin waya da 'yan turi, inda ake tura fim da waƙa da gem ta Xender ba a taɓa data ba. Kada ku raina shi, haka ma Palm Store da ke zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel. Sai dai ku kiyaye abu biyu. Tun Agustan 2021 Play Store na karɓar sababbin manhajoji ne a dunƙule ya rarraba wa kowace waya guntayen da suka dace da ita, shi ya sa wani lokaci in aka tura gem daga waya zuwa waya sai ya ƙi buɗewa. Maganinsa, ku sauko da cikakken fayil ɗin APK mai sa hannu daga cikin Play Console, shi za ku ba 'yan turi. Da yake sa hannun ɗaya ne da na shagon, wanda ya karɓa zai iya sabuntawa daga Play Store daga baya. Na biyu, a Agustan 2025 Google ya sanar cewa hatta manhajar da ake sakawa ta wajen shago sai an tantance mai ita, za a fara daga Satumbar 2026 a Brazil da Indonesiya da Singafo da Tailan, sauran ƙasashe su biyo daga 2027. Ku da kuka riga kuka yi rajista da sunanku na gaskiya abin zai zo muku da sauƙi, muddin fayil ɗin da ke yawo a gari naku ne na asali, ba wanda wani ya buɗe ya sake ɗaurewa ya cusa tallarsa a ciki ba.